Wutsiyar Rigar Harlan

Rana ta kusa tsaka lokacin da Harlan Teter ya gangaro daga kan tudu, baka a hannu, kwarinsa da giɓin kibiya ɗaya. Bai yi sauri ba. Tun daga nesa ya hango hayaƙin sansani, ya kuma hango igiyar.

Igiyar tana ɗaure tsakanin itatuwa biyu a bayan babban tanti, inda ake ɗaure ta kowace kaka in sun shigo dajin gwamnati farautar barewa. Tsummoki ne reras a kanta, ja da kore da mai ratsi-ratsi, wasu sun koɗe har sunan da aka rubuta a jikinsu ya ɓace. Duk wanda ya saki kibiya ya kuskure, a nan ake yanke masa wutsiyar riga a rataye, a yi masa dariya, a miƙa masa kofi, da yamma ya koma bisa itacen da yake dakon barewa a kai. Harlan yana da biyu a wurin. Kawunsa Delmas, shugaban sansanin, shi kansa bai san adadin nasa ba.

Lonnie, ɗan Kawu Delmas, shi ya fara lura da kwarin. Yana zaune a bayan a-kori-kura yana cin wake a gwangwani, ya nuna da cokali.

"Sarkin baka ya dawo. Ina naman? Ko yana tafe a baya da ƙafarsa?"

Baba Orval, abokin Delmas tun suna aikin ramin kwal, wanda yanzu girki ya fi yi fiye da harbi, ya ɗago daga kan kasko ya ce a bar yaro ya zauna tukuna, ba a yanka mutum da yunwa. Amma shi ma idonsa na kan rigar. Sabuwa ce fil, ja da baƙi, ko wanki ba ta gani ba.

Harlan ya rataye bakansa a reshe, ya tsaya a gaban kawunsa ya faɗi abin da ya faru. Barewa ce mace, ita kaɗai. Ta fito da hantsi tana tsintar 'ya'yan itace a gangaren arewa. Ya ja tsirkiya, ya saki, a daidai lokacin ta ɗaga ƙafa. Ya ji ƙarar, irin ƙarar da kabewa ke yi in an buga ta da tafin hannu. Ba ta yi tsalle ba, ba ta ɗaga farar wutsiyarta ba. Ta dunƙule baya, ta manne wutsiya, ta tafi a hankali kamar tsohuwa mai ciwon kwankwaso, har ta shige duhuwa.

Delmas yana kan kujerarsa ta naɗewa, bargo a gwiwa. Ya tambayi jini. Harlan ya ce babu. Ya tambayi gashi. Babu. Kibiyar fa? Harlan ya ce ya tone ganyen wurin kaf bai gan ta ba, don tana jikinta.

"Ko tana ƙarƙashin ganye," in ji Lonnie. "Dajin nan ya haɗiye kibau sun fi gashin kanka. Baba Orval, miƙo wuƙa."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Kowa ya san dalili.

Sansanin yana da doka ta biyu, wadda mahaifin Delmas, kakan Harlan, ya kafa tun ana zuwa da alfadari. In mutum ya ce ya sami dabba bai ɗauko ta ba, kowa zai rataye bakansa. Babu mai komawa bisa itace sai an nemo ta, ko rana ta faɗi. In kuwa an ga jini ba a ga nama ba, wanda ya harba zai tsaga takardar izininsa da hannunsa, farautarsa ta shekarar ta ƙare. Tsohon ya ce dabbar da ka huda ka riga ka ci ta, ko ka ɗanɗana ko ba ka ɗanɗana ba.

A wata ranar ba wanda zai yi gardama. Amma wannan yammacin na Alƙali ne.

Alƙali namijin barewa ne mai ƙaho kamar rassan busasshen itace. Delmas ya sa masa sunan, don kullum sai kowa ya gaji da jira yake zuwa, kuma ba ya sauri. Kaka bayan kaka yana binsa, sau da yawa sawunsa kawai yake gani. Bana Lonnie ya iske inda Alƙali ya kankare ƙasa sabo-sabo a sirdi, wato lotsawar da ke tsakanin tudu biyu, ya ɗaure wa mahaifinsa kujerar ƙarfe a itace nan kusa, ƙasa-ƙasa, don tsohon ba ya iya hawa da nisa. Tun zuwansu iska take kaɗawa ta inda ba a so, tana kai wa dabba warin mutum. Sai yau ta juya. Rediyon mota kuma ta ce daga daren nan ruwa ne har ranar da za su tashi.

Lonnie ya sauko daga mota, ya ce Harlan ya zo ya kama masa jarkar ruwa. Da suka zaga bayan mota bai taɓa jarkar ba.

"Ka ji tarin kawunka da asuba?"

"Na ji."

"Likita ya ce huhun nan saura kaɗan. Ba ya son a faɗa, ni na faɗa maka. Baɗi ba zai hau tudun nan ba, ko a goye." Ya rage murya. "Ba jini, ba gashi. Wa zai ce ka yi ƙarya? Ka ce ka kuskure, in yanke tsumman nan, a yi dariya, ya tafi ya zauna. Ni zan saya maka wata rigar."

"Ba rigar ba ce."

"To mene ne? Mace ce fa, Harlan. Ko ƙaho ba ta da shi. Irinta sun fi kaji yawa a dajin nan."

Harlan ya dubi tayar motar. Tare suka tashi da Lonnie, tare suka bar makaranta, injin tsaga katako ɗaya suke tsayawa a kai. Bai taɓa jin ya roƙi wani abu da wannan muryar ba. Kuma gaskiya ya faɗa, ba wanda zai sani. Zai iya miƙa wutsiyar rigar, da yamma ya sulale shi kaɗai ya duba. Amma ya san abin da zai biyo baya. Mutum ɗaya a wannan sarƙaƙiyar allura yake nema a rairayi. Kuma da zarar ya furta kalmar, barewar ta tashi daga dabbar da ke kwance wani wuri da ƙarfe a ciki, ta koma abin dariyar gefen wuta.

Ya ɗauki jarkar shi kaɗai ya koma.

Delmas bai tambayi abin da suka tattauna ba. Ya gama kofinsa, ya zubar da guntun a ƙasa.

"Ɗana, kalma ɗaya ce. Ka same ta, ko ka kuskure?"

"Na same ta, Kawu."

Lonnie ya jefar da gwangwanin waken cikin wuta. Harlan ya ce ba ya neman kowa ya bi shi, kawunsa ya tafi sirdi ya zauna, shi zai nema shi kaɗai. Ya faɗa har sau biyu. Delmas ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki bakansa da ke jingine, ya je ya rataye shi kusa da na Harlan.

"Ba ni na ɗaura dokar ba, ba ni zan kwance ta ba. Ba a yanka ta rabi a ba mutum inda ya fi masa daɗi. Ka ce ka samu. Shi ke nan."

Ba a bin dabbar da aka huda a ciki da zafi-zafi, in ta ji motsi tashi take ta yi nisa. Don haka suka zauna jira. Wannan zaman ya fi komai ciwo. Iska tana kaɗawa daidai yadda ake so, tana ɗaga tsummokin igiya, mutum huɗu suna zaune kowa yana kallon takalminsa. Baba Orval ya yi ƙoƙarin ba da labarin shekarar da ya harbi jakar barcin wani baƙo yana zaton ƙatuwar dabbar nan beyar ce. Ba wanda ya taya shi, ya bari a tsakiya.

Da rana ta karkata suka hau. Delmas ya ƙi zama a sansani. Yana tafiya yana tsayawa, yana riƙe itace yana tari, in Lonnie ya miƙa masa hannu ya ture. A gindin itacen Harlan suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suka shiga gangaren ta inda barewar ta bi. Ganye ya kai idon sawu, kuma rabinsa ja ne, irin jan da ke sa mutum ya durƙusa sau ɗari a banza. Harlan ya bar tafiya a tsaye, ya koma rarrafe. Yana juya ganye ɗaya-ɗaya, yana duba ƙasan ciyawa, yana shinshina yatsunsa.

Lonnie bai yi ha'inci a neman ba, wannan Harlan ya shaida. Ya kutsa inda ƙaya ta fi yawa, fuskarsa duk ta karce. Amma bakinsa bai huta ba. In ya ga jan ganye sai ya ɗaga ya ce ga hantar nan, sarkin baka, a kawo albasa. In ya ga kashin zomo ya ce ga shaida. Har Baba Orval ya ce masa ya adana numfashinsa, akwai mai buƙata.

Suka bi gangaren har rafi. Suka bi rafin sama, suka bi shi ƙasa. Suka sake jeruwa suka dawo. Ko ɗigo.

Haske yana raguwa, yayyafi ya fara. Delmas ya zauna a kan kututture, leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, ya ce rana ta faɗi, an cika doka. Don kada tsohon ya sake hawa tudu, suka bi tsohuwar hanyar masu gungume wadda ke ɓullewa titin tsakuwa, daga nan a zaga zuwa sansani.

A bakin titin akwai wata a-kori-kura mai lambar jihar Ohio, ƙofar bayanta a sauke. Wani mutum mai tabarau yana kokawa da abu a ƙasa, yana ja yana haki. Da ya gan su ya washe baki, ya ce Allah ne ya kawo su, don Allah su kama masa.

Ƙahon suka fara gani.

Mutumin ba ya iya rufe baki. Ya ce yau ne zuwansa na farko dajin. Ya hau wani sirdi ya ga kujera a ɗaure a itace babu kowa. Bai hau ba, ya san ta wani ce, sai ya zauna a ƙasa can gefe. Bai jima ba abin nan ya fito yana tafe kamar wanda ke zuwa karɓar gaisuwa, ya wuce ta ƙarƙashin kujerar, har ya tsaya ya shinshina tsaninta. Ya tambaya ko sun san mai kujerar, yana son ya ba shi haƙuri, ko ya yanka masa cinya.

Dajin na kowa ne.

Delmas ya matsa, ya dafa ƙahon, ya bi rassan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya duba inda kibiyar ta shiga, bayan kafaɗa, daidai wurin. Ya ce wa mutumin harbi ya yi kyau, ya miƙa masa hannu. Game da kujera kuwa ya ce mai ita yana da wani aiki yau. Sannan ya kama ƙafar baya ɗaya, su ma suka kama, aka ɗora Alƙali a mota.

Suka ƙarasa sansani da duhu.

Baba Orval ya kunna fitila a ƙarƙashin rumfar tamfol, ya ɗora kofi. Ruwa ya fara sauka sosai. Delmas ya koma kujerarsa ya ja bargo. Lonnie ya tsaya a tsakiya, ya zare wuƙarsa daga kube. Wannan karon babu wasa a fuskarsa.

Ya ce an bi doka, kowa ya gani. Mutum huɗu sun kwashe yamma guda suna rarrafe, babu jini, babu gashi, babu kibiya. Abin da babu jini sunansa kuskure. Tunda Harlan mai son doka ne, to ga sauranta.

"Juyo."

"A'a."

"Ka cinye wa tsohon nan yammacinsa saboda ba ka son a taɓa maka sabuwar riga. Ka ga abin da ke bayan motar can. Juyo, ko in juya ka."

Ya kai hannu ya cafki gefen rigar. Harlan ya riƙe masa wuyan hannu. Ba su yi kokawa ba, tsayawa kawai suka yi, kowa yana jin ƙarfin ɗan'uwansa, ruwa yana dukan tamfol. Baba Orval ya ce kai, yara, da wuƙa a hannu, ku ji tsoron Allah. Delmas yana kan kujerarsa. Kallo yake.

"Ba ni wuƙar," in ji Harlan.

Lonnie ya dube shi. Ya zaci da kansa zai yanke, don haka ya sakar masa. Harlan ya zaro takardar izininsa daga aljihun ƙirji, wadda ya yi ta ƙarin aiki a injin katako don ya sami hutun amfani da ita. Ya ɗora ta a kan akwatin abinci, ya tsaga ta biyu da bakin wuƙar, ya ajiye guntayen a gaban kawunsa. Sannan ya juya wuƙar ya miƙa wa Lonnie ta ƙota.

"Na same ta. Bana na gama. Rigata kuwa ba mai taɓawa."

"Ba wanda ya ce ka tsaga," in ji Baba Orval a hankali. "Ai ba a ga jini ba."

"Ni na ji ƙarar."

Lonnie ya ce taurin kai gadon gidan Teter ne, uwar Harlan ma ta sha fama da ubansa, ya shige tanti. Delmas ya ɗauki guntayen takardar, ya juya su, ya sa a aljihunsa. Ya ce a zuba masa abinci.

Gari ya waye da ruwa. Lonnie ya ɗauki bakansa ya fita. Delmas bai fito daga tanti ba, tarinsa kawai ake ji. Harlan ya sha kofi a tsaye, ya ɗauki igiya da wuƙa, ya bar bakansa a reshe. Baba Orval ya ce masa ko jinin shanu aka zuba jiya, ruwan nan ya wanke. Harlan ya ce ya sani. Tsohon ya cusa masa burodin masara a aljihu.

Ya koma gindin itacensa ya tsaya inda barewar ta tsaya. Jiya duk sun gangara, don mai ciwo ba ya hawa, kuma ruwa a ƙasa yake. Haka kowa ya sani, shi ma haka ya sani. Amma ita ba ta zauna a gefen wutarsu ta ji ba. Ya bi gefen tudun a kwance, bai hau ba bai sauka ba, yana bin wata siririyar hanyar dabbobi da ke zagawa bayan duwatsu. Rigarsa ta jiƙe ta manne masa. Wani lokaci yakan tsaya ya ji abin da Lonnie ya faɗa yana dawo masa. Wataƙila reshe kibiyar ta buga. Wataƙila ƙarar da ya ji ta ruɓaɓɓen kututture ce. Wataƙila barewar tana can tana kiwo lafiya lau, shi kuma ya sayar da yammacin ƙarshe na kawunsa a kan abin da kunnensa ya ƙaga. Ya ci gaba.

Hankaki ne suka nuna masa. Sun taru a kan wani busasshen itace a bayan tudu suna ta surutu, a saman wata sarƙaƙiya da mutum ba ya shiga sai da ciki. Ya kwanta ya ja jiki. A tsakiya akwai ɗan idon ruwa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse, wanda bai taɓa sanin da shi ba.

Tana kwance a gefensa, haɓarta a kan ƙafafunta na gaba.

Karnukan daji sun riga shi. Sun ci cinya ɗaya har ƙashi. Guntun kibiyarsa yana nan a bayan haƙarƙari, sama-sama, kitse ya toshe bakin raunin, shi ya sa ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ya sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarta. Da sauran ɗumi.

Ya daɗe a durƙushe da hannunsa a wurin. Ashe lokacin da suke ɗora Alƙali a mota tana nan da ranta. Lokacin da suke riƙe da hannun juna shi da Lonnie a kan tsumma, tana nan. Ta kwana tana jiran abin da shi ya fara bai ƙarasa ba. Ya yi zaton in ya same ta zai ji daɗin cin gardama. Bai ji komai irin wannan ba.

Ya farke ta, ya fitar da kayan ciki ya jefa nesa, ya wanke cikin da ruwan idon. Ya yanke duk inda haƙori ya taɓa da inda ya yi kore. Ya shinshina kafaɗu da gadon baya, sanyin dare ya tsare su. Ya zare guntun kibiyar ya soke a ƙugun wandonsa. Sannan ya ɗaura mata igiya a wuya, ya naɗa ɗaya bakin a sanda, ya fara ja.

Sarƙaƙiyar ta ci masa lokaci fiye da tudun. Ya faɗi a laka, ya tashi, ya sake faɗuwa. Bai ci burodin ba.

Da ya ɓullo sansani ruwa ya tsagaita. Lonnie ya riga ya dawo hannu wofi, yana shanya safa a gefen wuta. Baba Orval ne ya fara gani, ya ajiye ludayi, ya ce to, ga ta nan kuwa. Harlan ya ja ta har gaban rumfa ya saki igiyar. Ya zaro guntun kibiyar ya ajiye a kan akwatin abinci, daidai inda ya tsaga takarda jiya.

Lonnie ya taso ya zaga ta. Ya dubi cinyar da babu, ya dubi ƙaramin kanta marar ƙaho.

"Da wannan ka musanya Alƙali? Rabin barewa?"

"Da ita."

"Ko haƙuri ba za ka ba shi ba?"

"Ita na ba haƙuri. Shi bai nema ba."

Bakin tanti ya motsa. Delmas ya fito da bargo a kafaɗa, yana taka ƙasa a hankali. Ya tsaya a kanta, ya dafa kafaɗar Baba Orval ya sunkuya. Ya sa yatsa a ramin kibiyar, ya auna da tafin hannunsa daga nan zuwa bayan kafaɗa, inda ya kamata ta shiga. Tafi biyu da ɗoriya.

"Ka yi baya da yawa."

"Na sani, Kawu."

"Ta ɗaga ƙafa ka saki. Ba a sakin kibiya ga dabba mai tafiya. Sau nawa na faɗa maka?"

"Da yawa."

Tari ya sarƙe shi, suka jira ya lafa. Ya share baki, ya sa hannu a aljihu ya fito da guntayen takardar nan biyu, ya miƙa wa Harlan. Ya ce ya haɗa su ya ɗaura mata a kunne kafin ma'aikacin daji ya biyo ya iske nama babu shaida, ya jawo musu abin kunya. Sannan ya juya ga ɗansa.

"Kai kuma je ka kwanto min kujerata daga sirdi. Ba na son baƙi su riƙa ba ta haƙuri."

Lonnie ya koma gefen wuta. Ya sa jiƙaƙƙun safarsa, ya ɗaura takalmi, ya wuce ta gefen Harlan bai dube shi ba.

Baba Orval ya wasa wuƙa, suka rataye ta a reshe suka feɗe. Naman bai fi cikin ƙaramin akwatin ƙanƙara ba. Tsohon ya yanko daga gadon baya, ya soya da albasa a baƙin kasko. Delmas ya ci yanka biyu, a hankali, yana hutawa tsakani. Ya ce gishiri ya yi kaɗan. Game da Alƙali bai ce komai ba, a ranar ko bayanta.

Da Lonnie ya dawo da kujerar a baya, an ajiye masa nasa a rufe da faranti. Ya jefa kujerar a mota, ya buɗe gwangwanin wake ya ci da sanyinsa.

Harlan ya je bayan tanti ya cire rigar, ya matse ta, ya baza a kan igiya ta bushe, can ƙarshe, nesa da tsummokin. Ƙaya ta yage hannu ɗaya, laka da jini sun ɓata gaban. Wutsiyar tana nan cif. Ya tsaya a gefenta da singileti cikin sanyi, hannu a hammata, yana gadin wutsiyar.